Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanonin Da Ke Kai Mutane Yawon Buɗe Ido Zanzibar

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, na rubuto ne a kan tallan Zanzibar da kuke yi a Facebook da Instagram da sauran kafafe. Hotunan kusan duk iri ɗaya ne: farin yashi, ruwa shuɗi garau, lilo ɗaure a jikin bishiyar kwakwa, sai tiren karin kumallo yana yawo a kan ruwan wurin iyo na otal. A ƙasa kuma a jero abin da kuɗin mutum zai saya masa, wato tikitin jirgi da ɗaki da abinci da motar da za ta ɗauko shi. Ba ƙarya kuka yi ba, yashin fari ne tas, ruwan ma haka yake. Abin da ke damuna shi ne abin da kuka bari. Kuna ɗauko mutum daga filin jirgin Abeid Amani Karume, ku zarce da shi Nungwi ko Kendwa, ku ajiye shi bayan katangar otal, ranar komawa ku dawo da shi ta hanyar da kuka bi. Kuɗin Zanzibar ya biya, amma ya tafi bai gan ta ba.

Ƙidayar 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne ke zaune a tsibiran Zanzibar, wato Unguja da Pemba, baƙin da suka shigo daga ƙasashen waje a 2023 kuwa sun haura 600,000. Galibin waɗannan baƙi ba su san kowa a tsibirin ba. Inda takardar tsarin tafiya ta ce su je, nan suke zuwa, wanda aka ce su biya, shi suke biya. Ku ke rubuta wannan takarda. Ashe ke nan a hannunku yake ko kuɗin baƙo ya isa ga masassaƙi da manomiya da jagora ɗan gari, ko ya tsaya a asusun otal. Shi ya sa na ga ku ya kamata in yi wa magana.

Mu fara da tsohon gari, wanda mutanensa ke kira Mji Mkongwe, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a shekarar 2000. A yawancin takardunku awa biyu ko uku kuke ba shi, sau da yawa ma a ranar komawa, lokacin da hankalin mutum ya riga ya koma kan awon kaya. Wannan gari kwana yake so. Da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina shi, lungunansa kuma matsattsu ne har mota ba ta shiga da yawansu, sai keke da babur da mai tura kaya yana neman hanya. Matsewar tana da amfani, domin dogayen gidajen suna yi wa juna inuwa, mai tafiya a ƙasa yakan yi nisa rana ba ta taɓa shi ba. A jikin gidajen akwai dakalin dutse da suke kira baraza, inda dattawa ke zaman hira da shan gahawa bayan la'asar.

Sai ƙofofi. Na roƙe ku, ku samo jagoran da zai iya tsayar da baƙo gaban ƙofa ɗaya ya karanta masa ita. Ƙofar da aka yi bisa salon Larabawan Oman mai kusurwa huɗu ce, a samanta sau da yawa an sassaƙa aya ko sunan mai gida da shekarar da aka yi ta. Ta salon Indiyawa samanta a lanƙwashe yake, jikinta cike da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. A gefen katakon za ka ga an zana sarƙa, ko igiyar ruwa, ko furanni, ko dabino, kowane da abin da yake nufi game da sana'a da matsayin mai gidan. Na tsaya gaban wata da tagullarta ta dushe, katakon ƙasanta ya fara cinyewa saboda danshi, amma rubutun Larabcin da ke samanta yana nan raɗau, yara 'yan makarantar allo suna shiga suna fita ta ƙaramar kafar da aka yanka a jikinta. Gida ne da mutane ke kwana a ciki har yau. Mai awa biyu ba zai lura da wannan ba, hoto zai ɗauka ya wuce.

A bakin ruwa akwai Ngome Kongwe, tsohon sansanin da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Kusa da shi kuma Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash bin Said ya gina a 1883, gini na farko da ya samu wutar lantarki a tsibirin. A wannan fili ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai kai awa ɗaya ba aka gama. Ranar 25 ga Disamba 2020 wani sashe na Beit al-Ajaib ya rushe ana tsakiyar gyara, har aka rasa rayukan ma'aikata. Wannan ya isa ya nuna muku cewa gine-ginen nan ba dawwamammu ba ne. Dutsen murjani yana shan ruwa, in aka daina kula da shi sai ya ruɓe daga ciki. Baƙon da ya kwana a tsohon gidan da aka gyara aka mai da shi masauki, ya ci abinci a lambun Forodhani da dare, ya yi sayayya a kasuwar Darajani, ya ba mai gidan dalilin da zai ci gaba da gyara rufinsa.

Yanzu ga wurin da na fi son mu fahimci juna a kansa. A unguwar Mkunazini ne kasuwar bayi take, har zuwa 1873 da Sarki Barghash ya rufe ta bisa matsin lambar Ingila. A shekarar ce aka fara gina majami'ar Angilika a filin, tana nan har yau. Na lura wasunku ba sa sa wannan wuri a tsarinsu. Wani ya ce zai ɓata wa baƙi nishaɗi, wani ya ce harabar coci ce, baƙinsa Musulmi ba za su so shiga ba. Duka biyun ban yarda da su ba.

A harabar akwai wani rami da aka kafa gumakan dutse guda biyar a ciki, maza da mata, tsaye, sarƙa ta bi wuyansu ta haɗe su. Kai kana sama kana leƙa su, kamar yadda mai saye yake leƙa haja. Fuskokinsu babu kuka, babu fushi, gajiya ce kawai. Akwai kuma ɗakin baje tarihi da ke bin labarin daki-daki: yadda ake kamo mutane daga yankin tafkin Malawi da tafkin Tanganyika da gabashin Kwango, a koro su a ƙafa zuwa Kilwa ko Bagamoyo, wasu ɗauke da hauren giwa, a loda su a jirgi zuwa Unguja. Wasu a wuce da su ƙasashen Larabawa da tsibiran da Faransawa ke noman rake, da yawa kuma a bar su a gonakin kanumfari na tsibirin. Cikin masu wannan ciniki akwai Larabawa da Suwahilawa Musulmi, akwai attajiran Indiya masu ba da jari, akwai sarakunan cikin ƙasa masu sayar da maƙwabtansu, akwai Turawa masu saye. Musulmi ya fi kowa buƙatar ya tsaya a bakin wannan rami, domin wasu daga cikin waɗanda suka ɗaura sarƙar suna salla. Rufe kasuwar ma bai kashe cinikin nan take ba. A Mangapwani, arewa da gari, akwai ɗakin da aka fafe cikin dutse a bakin teku, inda aka ci gaba da ɓoye mutane ana fataucinsu a asirce, kuma sai 1897 aka soke bautar kanta a dokar tsibirin. Wanda kuka kai gonar kayan ƙamshi ya shinshina kanumfari bai san wannan ba, rabin labari kuka ba shi.

Gonakin kayan ƙamshin dai kuna kai mutane, na yaba. Ganin kirfa ana ɓare ta daga jikin bishiya, da gyaɗar ƙamshi cikin jan zarenta, abu ne mai daɗi. Sai dai a ƙara wa baƙo bayani: Sayyid Sa'id, wanda ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, shi ya matsa a shuka kanumfari, guguwar 1872 kuma ta kakkarya yawancin itatuwan Unguja, shi ya sa Pemba ta zama cibiyar nomansa. Tsibirin Changuu ma kuna zuwa, inda manyan kunkuran nan suke, waɗanda asalinsu kyauta ce daga Seshel a 1919. A can roƙona ɗaya ne, a hana mutane hawa bayansu.

Kizimkazi kuwa, a kudancin Unguja, abin da kuke yi a can yana buƙatar gyara sosai. Da asuba ake kwasar baƙi a kwale-kwale masu inji a fita neman dolfin. Da zarar an hango bayan ɗaya ya ɓullo, sai jirage su yi ca a kansu, kowane direba yana son nasa baƙin su riga, mutane suna faɗawa ruwa a tsakiyar garken. Dolfin dabba ce mai shayarwa, sai ta ɗago ta shaƙi iska, tana da lokacin hutu da lokacin ba ɗanta nono. Kullum aka kore ta, hutun da shayarwar ne ke raguwa, a ƙarshe ta bar wurin. Yankin yana cikin gandun ruwa na Menai da aka keɓe tun 1997, kuma akwai ƙa'idojin kusantar dabbobin: a rage gudu, a bi ta gefe, kada a tare musu gaba, kada jirage su yi yawa a kan garke ɗaya. Direban jirgi yana karya ƙa'idar ne don an yi wa baƙo alkawarin lallai zai yi iyo da dolfin, shi kuma yana tsoron a hana shi kuɗi. Ku cire wannan alkawari daga tallanku. Ku ce za a fita kallo, in Allah ya sa an dace a gani, kuma ku biya direban ko an gani ko ba a gani ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a wannan Kizimkazi ɗin, a ɓangaren Dimbani, akwai masallacin da rubutun Kufi na jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. An sake gina yawancinsa a ƙarni na 18, amma rubutun na asali ne, yana cikin tsofaffin shaidun Musulunci a gaɓar gabashin Afirka. Motocinku suna wucewa ta kusa da shi ba sa tsayawa. Minti talatin ya isa, da izinin masu kula da shi, da sutura ta mutunci, da ɗan abin da za a sa a asusun masallaci.

A hanyar zuwa kudu da gabas akwai dajin Jozani, wanda aka mai da gandun ƙasa a 2004, shi kaɗai ne mai wannan matsayi a Zanzibar. Nan jan birin nan yake, mai farin gashi a tsaye a goshi, wanda babu irinsa a daji ko'ina a duniya sai a Zanzibar. Ƙidayar da aka fitar a 2017 ta same su ba su kai 6,000 ba. Ganye suke ci, wasu ganyayen kuma suna da sinadarin da ke wahalar da ciki, don haka suka koyi cin gawayi, har sukan je inda aka ƙona itace su tsinta. Sun saba da mutane ƙwarai, kuma sabon nan shi ne haɗarinsu, domin murar ɗan Adam tana iya kama su. Dokar wurin ta ce a bar tazarar mita uku, kada a ba su abinci. Jagoran da ke neman tukwici yakan kau da kai. Ku gaya wa baƙinku dokar tun a mota. Sannan kada a juya daga wurin birai, a ƙarasa kan gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan mikoko masu tsiro a ruwan gishiri, inda ƙananan kifaye ke girma kafin su fita teku. Wani kaso na kuɗin shiga gandun yana komawa ƙauyukan da ke kewaye, wanda shi ne dalilin da manomin da biri ke yi wa ɓarna yake haƙuri da shi.

Ko bakin tekun da kuke talla ba ku faɗi gaskiyarsa duka ba. A gabashin Unguja, su Paje da Jambiani da Bwejuu, teku yana janyewa sau biyu a yini, ya yi nisa har sai ka yi doguwar tafiya kafin ruwa ya kai maka gwiwa. Baƙon da ba a gaya wa ba yakan ji kamar an cuce shi. Alhali lokacin janyewar ne ake ganin abin da ya fi komai kyau a wannan gaɓa. Mata ne ke fitowa da zannuwansu masu launi da ake kira kanga, su shiga nesa, su zauna cikin ruwan da bai wuce ƙugu ba. Gonakinsu ke nan. Turaku ne a kakkafe, an ja igiyoyi tsakaninsu, kowace mace tana ɗaure 'yan guntayen ciyawar teku, wadda suke kira mwani, a jikin igiya ɗaya bayan ɗaya, hannu cikin ruwan gishiri, rana a ka. Bayan kamar mako shida su girbe, su ɗauko a buhu a ka, su shanya a bakin gida. Tun 1989 aka fara wannan noma don sayarwa, da irin da aka kawo daga Filifin, kuma daga cikinta ake fitar da sinadarin da ke sa man goge baki da wasu abinci kauri. Mata da yawa da ita suka fara riƙe kuɗin kansu, suka biya wa 'ya'ya makaranta. Yanzu ɗumamar ruwa tana kashe nau'in da ya fi tsada, ya bar su da mai araha.

Waɗannan mata aiki suke yi. Abin takaici ne ka ga baƙo ya taka igiyoyinsu, ko ya kafa wa mace kyamara a fuska ko sallama babu. Akwai ƙungiyoyinsu da ke sarrafa mwani su yi sabulu da man shafawa, suna karɓar baƙi, su zagaya da su gona, su sayar musu da kayansu. Ku ƙulla hulɗa da su kai tsaye, kuɗin ya shiga hannunsu. Haka masassaƙan jiragen katako na Nungwi, waɗanda ke ƙera jirgi da gizago da ido ba tare da zane a takarda ba, suna nan tafiyar 'yan mintuna daga otal-otal ɗin da kuke sauke mutane. Ku kuma hana abin nan da ya zama yayi, na ciro tauraron teku daga ruwa don ɗaukar hoto. Cikin ruwa yake numfashi, 'yan mintuna a waje suna iya kashe shi.

Zaɓen otal ma yana wuyanku. Tsibirin ya dogara ne da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda in aka zuƙe shi da yawa ruwan gishiri ke maye gurbinsa a rijiyoyi. Wani rahoto da ƙungiyar Tourism Concern ta Ingila ta fitar a 2012 ya nuna ɗaki ɗaya a manyan otal-otal na wasu ƙauyukan bakin teku yana cin fiye da lita 3,000 a rana, alhali gida guda na mutanen ƙauyen bai samun lita 100. Kafin ku sa hannu da otal, ku tambaya daga ina yake samun ruwa, ina yake zubar da ƙazantarsa, 'yan tsibirin nawa ya ɗauka aiki kuma a wane matsayi, kuma ko ya bar wa masunta hanyar sauka teku. Ku ne masu kawo masa ciniki, in kun tambaya zai amsa. A tsibirin Chumbe, wanda aka keɓe murjaninsa tun 1994, ana iyakance yawan baƙi, ana tara ruwan sama, ana kuma kai 'yan makaranta su ga murjani da idonsu. Abin yana yiwuwa.

Akwai kuma haƙƙin baƙo na sanin inda za shi. Kusan duk mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma kayan iyo na bakin ruwa ne, ba na kasuwa ko lungun gari ba. A 2021 gwamnatin tsibirin ta sanar da tara a kan shigar da ba ta dace ba a bainar jama'a, har da kamfanin da ya kawo baƙon. A watan azumi gidajen abinci da yawa a gari ba sa buɗewa da rana. Daga Maris zuwa Mayu lokacin babban ruwan sama ne, wanda ya sa farashi ke sauka, to kada a sayar wa mutum arahar a ɓoye masa dalilinta. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma an wajabta wa baƙo inshorar shiga ta dala 44. Duk wannan a rubuta shi a fili kafin mutum ya biya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Daren baƙo ma bai kamata ya ƙare a kiɗan otal ba. Zanzibar gidan kiɗan taarab ne, mai haɗa kayan kiɗan Masar da waƙar Suwahili, kuma ƙungiyar Ikhwani Safaa da aka kafa a 1905 tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin kiɗa a Afirka. Wanda ya zo a watan Yuli kuma ana iya kai shi Makunduchi ya ga Mwaka Kogwa, bikin sabuwar shekara na gargajiya.

Pemba ce ban taɓa gani a tallan ko ɗayanku ba. Tsibiri ne mai tuddai da kore, ƙamshin kanumfarin da aka shanya a bakin hanya yana tarbar mutum a lokacin girbi. Akwai dajin Ngezi, akwai babban jemagen da babu shi ko'ina sai can. A ƙaramin tsibirin Misali da ke kusa, wajen shekarar 2000, an yi wani aiki da malamai da shugabannin masunta, aka yi amfani da koyarwar Alƙur'ani kan amanar da aka ɗora wa ɗan Adam a bayan ƙasa wajen shawo kan masu kamun kifi da nakiya, abin da dokar hukuma ita kaɗai ta kasa. Jirgin sama daga Unguja bai kai awa ɗaya ba. Ina roƙon ko kamfani ɗaya a cikinku ya gwada tsarin da zai ba tsohon gari kwana biyu, Pemba kwana biyu, sauran a bakin teku, ya rubuta sunan ƙauyukan da za a shiga da ƙungiyoyin da za a biya, ya fitar da shi tare da wanda ya saba fitarwa, ya bar mutane su zaɓa.

Wassalam.

Naku,
Ɗaya daga cikin masu bin ku tafiya.